Raha a Bakin Mai Jawabi: Tarke kan Koyarwar Iya Magana a Taro bisa Al'adar Arewa

1. Gabatarwa

Tun bayan Babban Taron Ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, yawan mutanen da ke miƙewa gaban jama'a su yi jawabi da Hausa ya ƙaru ƙwarai a Nijar. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya kai wannan aiki har cikin ƙauyuka, sannan dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. A tsawon waɗannan shekaru ƙungiyoyin raya karkara sun yi ta horar da ma'aikata da shugabannin mata da matasa kan iya magana a taro. Cikin darussan da aka fi maimaita musu akwai cewa mai jawabi ya saka raha a maganarsa, tun ma a farko, don ya jawo hankalin masu sauraro. Masu horon kan kira wannan dabara fasa ƙanƙara, a ƙasar da ƙanƙara ba ta jiran mai fasa ta.

Manufar wannan maƙala ita ce auna wannan koyarwa da ma'aunin yadda ake magana a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Dosso. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne koyarwar ta ɗauki raha a matsayin wani abu da ke cikin kalmomi, alhali a Arewa raha tana rataye ne ga dangantakar da ke tsakanin mai magana da wanda ake yi da shi. Misalan da za a gani mu ne muka tsara su bisa ƙirar abin da ake ji a taruka, cikin karin harshen Arewanci.

2. Muhallin nazari

Arewa a nan tana nufin ƙasar Arawa, waɗanda Zabarmawa da rubuce-rubucen Faransanci ke kira Mawri. Ƙasar ta bi kwarin Dallol Mawri, kuma tana da ƴan'uwa a ƙetaren iyaka, wajen Kangiwa a jihar Kebbi ta Nijeriya. A 2011 aka cire Tibiri daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai zaman kanta, da Dumega da Gesheme da Kore Mairuwa a cikinta, yayin da Matankari da Kiyeshe da Ɗan Kasari da Dogon Kirya da Sukukutan suka ci gaba da zama ƙarƙashin Dogon Dutsi.

Piault (1970), a littafinsa Histoire Mawri, ya bayyana yadda iko ya rabu biyu a wannan ƙasa. Gubawa, waɗanda suka riga kowa zama, suna riƙe da al'amuran ƙasa da tsafi a Lugu wurin Sarauniya da kuma Bagaji wurin Baura. Arawa kuwa suna riƙe da sarauta. Labarin baka ya ce wani ɗan sarkin Barno ne ya auri ɗiyar Baura, aka haifi Akazama, kakan sarakunan Arewa. Wannan labari yana da amfani ga nazarinmu, domin da shi ake kafa hujjar wasan da ke tsakanin Arawa da Barebari. Akwai kuma wasa sananne tsakanin Arawa da Fulani, kamar yadda ake da shi tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, ko Zabarmawa da Buzaye. Tushen duka shi ne taubasantaka ta cikin gida, wato wasan ɗan mace da ɗan namiji, da na jika da kaka, wanda ke fitowa fili a watan Muharram lokacin da taubashi ke bin taubashinsa kuɗin shara.

3. Abin da masana suka ce, da inda ya tsaya

Tunani kan dariya a cikin jawabi tsoho ne. Siseron ya ware masa babban sashe a littafi na biyu na De Oratore, shekara 55 kafin haihuwar Annabi Isa, inda ya ja kunnen mai jawabi kada ya koma ɗan wasan kasuwa. Jahiz na Basra ya cakuɗa wasa da gaske a rubuce-rubucensa don kada mai karatu ya gaji. Shi kansa Carnegie, wanda littattafan horon zamani ke bin sawunsa, ya gargaɗi sabon mai jawabi da ya guji buɗe magana da labarin ban dariya. Wannan gargaɗi bai cika isowa ɗakunan horonmu ba.

A fannin ilimin harsuna, Raskin (1985) ya nuna cewa zancen ban dariya yana ɗauke da fassara biyu masu karo da juna, kuma dariya na zuwa ne lokacin da mai sauraro ya tsallaka daga ta farko zuwa ta biyu. Wannan bayani yana gaya mana dalilin da ya sa jimla ta zama abin dariya, amma bai gaya mana dalilin da ya sa jimla ɗaya ke kawo sulhu a bakin wani, ta kawo sanda a bakin wani ba. Don haka muka ga ya fi dacewa mu dogara ga Austin (1962), wanda ya ce aikin magana ba ya inganta sai mutumin da ya cancanta ne ya furta shi a wurin da ya dace, da kuma Ducrot (1984), wanda ya raba tsakanin mai furuci da muryar da yake sakawa a cikin furucinsa. Mai wasa yana aron wata murya, ta ubangiji mai zagin bawansa misali, kuma kowa ya san aro ne. Muddin masu sauraro sun yarda aro ne, zagin ba ya cin mutunci. Ranar da suka daina yarda, magana ta koma ta mai ita.

Radcliffe-Brown (1940) ya kira dangantakar wasa rashin ladabin da al'ada ta halatta. Kalmar halattawa ita ce jigon lamarin, kuma ita ce babu a cikin darussan horo.

4. Sharuɗɗa uku

4.1 Izinin wasa

A ɗauka ana taro a wani ƙauye na fadama bayan shanu sun shiga gona da dare. Maigari, Ba'are, ya buɗe taro yana duban rugga, shugaban makiyaya:

(1) Rugga, sannu da zuwa. Kai ka makara. Shanunka sun riga ka isowa tun jiya da dare, har sun ci abincin baƙi.

Rugga ya amsa:

(2) Maigari, ai labari sunka ji bayinsu sun yi noma, sunka taho duba aiki. Hanyak kakanninsu sunka biyo, sai sunka iske hatsi ya tsiro bisa burtali.

Idan muka cire rigar wasa, (1) ƙara ce: dabbobinku sun yi ɓarna. Ita ma (2) ƙara ce: kun noma burtali. Kowane ɓangare ya ajiye tuhumarsa a tsakar fili cikin jimla biyu, jama'a sun yi dariya, kuma ba wanda aka tilasta wa ya kare mutuncinsa kafin a shiga batun diyya. A nan raha ta yi aikin da jawabi na kai-tsaye zai daɗe bai yi ba. Fassara biyu da Raskin ya ambata suna nan, wato shanu a matsayin baƙi da shanu a matsayin masu ɓarna, amma abin da ya sa kalmar bayi ta wuce lafiya shi ne kowa a wurin ya san Bafillace da Ba'are abokan wasa ne, kowanensu yana da'awar shi ne ubangijin ɗaya.

Yanzu a bar jimla ta (1) yadda take, a sauya mai furuci. A ce wani jami'i ne da aka turo daga wata jiha, wanda ba shi da wasa da Fulani, kuma shi ne zai sa hannu a takardar tara. A bakinsa babu muryar aro. Makiyaya za su ji hukunci ne aka yanke tun ba a saurare su ba, kuma dariyar manoma za ta tabbatar musu da haka. Kalmomi ba su sauya ba, izini ne babu.

Ya kamata a lura cewa babba a wannan ƙasa bai cika yin wasa da bakinsa ba. Sarki yakan yi magana ƙasa-ƙasa, maroƙi ko sanƙira ya ɗaga ta ya ƙara mata gishiri. Smith (1957) ya yi bayanin matsayin maroƙa a ƙasar Hausa, Gidley (1967) ya nazarci ƴan kama, Yankah (1995) kuma ya nuna irin wannan rabon aiki tsakanin sarki da kakakinsa a ƙasar Akan ta Gana. A filin kokowa ma ƴan cali-cali ne ke kwaikwayon ƴan kokowa su ba mutane dariya, su kuwa ƴan kokowar suna riƙe da fuska. Ke nan al'umma ta ware ma'aikatan dariya domin kwarjinin shugaba ya tsira. Koyarwar da ke cewa kowane mai jawabi ya zama ɗan kaman kansa ta haɗa ayyuka biyu da al'ada ta raba da gangan.

4.2 Alƙiblar wasa

Wanda ba shi da taubashi a wurin taro yana da mutum ɗaya da yake da cikakken izini a kansa, wato shi kansa. Ɗan boko da ya daɗe a Yamai yana iya buɗe jawabi da cewa:

(3) Ku yi mini haƙuri da Hausata. Ta yi shekara ashirin cikin ofis, ta saba da takalmi. In ta yi tuntuɓe ku tashe ta.

Wannan jimla tana rage tazarar da ke tsakanin mai takarda da manomi, tana kuma ba dattawa matsayin malamai. Sai dai tana da iyaka. A al'adar da ke daraja nutsuwa da kunya, kamar yadda Kirk-Greene (1974) ya zayyana a nazarinsa kan mutumin kirki, wanda ya yawaita mai da kansa abin dariya zai wayi gari ana jiran wasansa, ba a jiran saƙonsa. Sau ɗaya a farkon jawabi ya isa.

Akasin (3) shi ne wasan da ke gangarowa daga sama. A ce ma'aikacin lafiya yana jawabi kan tazarar haihuwa a gaban maza da mata, sai ya ce:

(4) Mata, ku bar ma awaki gasag ga, ba ku cin su.

Za a yi dariya, wataƙila ma fiye da wadda (1) ta samu. Amma maza ne za su yi ta, mata su sunkuyar da kai. Waɗanda aka shirya taron dominsu an kwatanta su da dabbobi a gaban surukansu, a kan al'amarin da ba su kaɗai ke yanke shawararsa ba. Wannan ne ya sa muke ganin kuskure ne a auna nasarar raha da ƙarar dariya, kamar yadda takardun horo kan yi. Bergson (1900) ya riga ya lura cewa dariya hukunci ce da jama'a ke yi wa mutum. Tambayar da ta kamaci mai jawabi ita ce wa aka hukunta, kuma ko yana da ƙarfin ɗauka.

Hausa ta bambanta waɗannan abubuwa da sunayensu. Barkwanci na neman nishaɗin kowa. Zambo na kama suna ko siffar mutum don a muzanta shi. Habaici ba ya kama suna, yana barin mai kaza a aljihu ya ji as da kansa. Gatse kuwa faɗin abu ne ana nufin kishiyarsa. Faransanci na ɗakin horo yakan tattara su duka ƙarƙashin kalma ɗaya, sai ɗalibi ya fito yana zambo yana zaton barkwanci yake yi.

4.3 Damar ramawa

Misali na (1) bai cika ba sai da (2). Wasan taubasai musaya ne: wanda aka taɓa yana da haƙƙin ramawa nan take, kuma sau da yawa ramuwar ce ake jira. Jawabin zamani kuwa yana da dandamali da lasifika ɗaya da jerin sunayen masu magana. Mai jawabi yana iya jefa wa Fulanin da ke wurin kalmar bayi da sunan taubasantaka, sannan ya wuce zuwa batu na gaba, su kuwa ba su da lasifikar mayar da martani. Abin da ya rage a kunne shi ne rabin wasa, kuma rabin wasa zagi ne.

Wayar hannu ta ƙara tsananta wannan matsala. Ana ɗaukar jawabi, a yanke daƙiƙa talatin, a watsa ta WhatsApp zuwa ga mutanen da ba su ga fuskar mai magana ba, ba su ji ramuwar ba, wasunsu ma ba su san akwai wasa tsakanin ɓangarorin ba. A ma'aunin Ducrot, muryar aro ta manne wa mai furuci. Magana zarar bunu ce tun can, amma da bunun a gaban shaidu ake zare shi. Haka lamarin yake ga wa'azi. Masquelier (2009) ta bayyana yadda gardamar addini ta raba kan mutanen Dogon Dutsi a shekarun 1990. A irin wannan yanayi mai wa'azin da ya sa jama'a dariya da kwaikwayon abokin hamayyarsa yana yi ne da wanda ba ya nan, ga kuma hanin da Suratul Hujurati ta yi kan izgili.

5. Taubasantaka a bakin hukuma

A 2014 hukumar UNESCO ta saka wasan taubasantaka na Nijar cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam. Tun kafin nan jawaban hukuma sun saba ambaton sa a matsayin sirrin zaman lafiyar ƙasa. Ba mu musun amfaninsa. Misalai na (1) da (2) shaida ne. Amma muna da ja a kan abu biyu.

Na farko, wasa yana buɗe ƙofar magana ne kawai, ba ya raba gona da burtali. Wannan aikin dokar karkara ce ta 2 ga Maris 1993, da dokar kiwo ta 2010, da kwamitocin filaye da aka kafa don aiwatar da su. Taron da aka yi dariya aka watse ba tare da an kafa alamun burtali ba ya ɗage rikici ne zuwa kaka mai zuwa. Abin da ya faru a Toda, jihar Maraɗi, a watan Oktoba 1991, inda aka kashe Fulani fiye da ɗari, ya faru ne a ƙasar da ta san wasan dangi sarai. Mujallar Cahiers d'études africaines, a fitowarta ta 184 (2006) wadda Canut da Smith suka shirya, ta yi irin wannan jan hankali game da yadda ƴan siyasar Afirka ta Yamma ke ƙawata wannan al'ada fiye da ƙarfinta.

Na biyu, izinin wasa yana raguwa idan ƙarfin ɓangarorin ya daina daidaita. Tsohon wasan da ke kiran Bafillace ɓarawon gona yana da daɗin ji lokacin da kowa ya san gobe za a haɗu a kasuwa ana cinikin nono da hatsi. A shekarun da rashin tsaro ya addabi yankunan kan iyaka, har ake yi wa al'umma sukutum kallon zargi saboda laifin wasu, wannan kalma tana iya zama shaida a kunnen mai neman hujja. Mai jawabi nagari yakan san lokacin da zai bar haƙƙinsa na wasa a aljihu. Sharaɗin Austin na wurin da ya dace ya haɗa har da zamanin da ya dace.

6. Abin da ya kamata a koyar

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarar a sauya tambayar da ake fara horo da ita. Maimakon a tambayi ɗalibi wane labarin ban dariya ya tanada, a tambaye shi su wa za su zauna gabansa, da wa yake da wasa a cikinsu, wa ya fi shi rauni, kuma wa zai samu damar amsa masa. Idan zai taɓa taubashi, ya miƙa masa lasifika ya rama kafin a ci gaba. Idan da tafinta zai yi magana, ya sanar da shi wasan tun da wuri, domin wasan da ya dogara ga sarrafa kalmar Faransanci yakan mutu a hanya, tafinta ya ƙirƙiro nasa wanda mai jawabi bai san abin da ya ƙunsa ba.

Kayan koyarwa kuma suna nan kusa. Wasannin kwaikwayon Hausa na Nijar, waɗanda Beik (1987) ta nazarta, da ayyukan Yazi Dogo da ƙungiyarsa a rediyo da talabijin, sun nuna yadda ake sukar ma'aikacin da ke wulakanta talaka har shi ma'aikacin ya yi dariya. A can ana ɗora wasan a kan hali, ana barin mutum da ƙofar gyara. Sashenmu yana iya tattara jawaban taruka daga kasuwanni da fadodin Arewa, da izinin masu su, a rubuta su da karin harshensu, a ga inda dariya ke faɗowa da abin da ke biyo bayanta. Ɗaliban digiri na biyu da suka fito daga yankin su ne suka fi cancanta da wannan aiki, saboda kunnensu na rarrabe dariyar yarda da dariyar kunya.

7. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa ingancin raha a jawabin taro a Arewa yana bisa sharuɗɗa uku: izinin da dangantaka ta bayar, alƙiblar da wasan ya fuskanta, da damar da aka bar wa wanda aka taɓa ya rama. Koyarwar da aka shigo da ita ta kula da ƙirar zance ta bar waɗannan, shi ya sa take iya fitar da mai jawabin da ke samun dariya yana rasa mutane. Ma'aunin da muke ba da shawara a riƙa amfani da shi mai sauƙi ne: bayan an gama dariya, wanda aka yi wasan da shi ya ƙara samun bakin magana a taron, ko kuwa ya yi shiru? Sauran aiki shi ne a gwada waɗannan sharuɗɗa a kan jawaban mata a tarukan biki da na adashi, inda dokokin kunya da na wasa suka sha bamban da na dandalin maza.